Kusoshin da Baba Ya Ba Ruwa

Tun da innarku ta rasu gidan nan ya yi mini yawa. Kowannenku yana can inda abincinsa ya kai shi, kuna bugo waya ranar Juma'a ku tambayi ƙafata da maganin hawan jini, ni kuma in ce lafiya lau. Ban ga laifinku ba. Amma mutumin da ke wuni shi kaɗai a zaure, daga shi sai rediyo, abubuwan da ya binne su ne ke zuwa taya shi zama. Nawa guda ɗaya ne, shi zan rubuta muku yau, don kada in mutu in bar ku riƙe da labarin a karkace yadda na miƙa muku shi. Labarin Sande ne, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda manyanku suka tashi suna jin cewa ya cuci babanku da jabun kaya. Bai cuce ni ba, ni ne na cuce shi, kuma ga yadda abin ya faru.

Sande Bayarabe ne, Kirista, amma a Funtua aka binne cibiyarsa. Mahaifinsa ya zo fatauci tun zamanin da auduga ke tashe, ya zauna, ya haife su a nan. In Sande na magana a bayan katanga ba za ka ce ba Bakatsine ba ne. Shagonsa na kallon garejinmu, titi ne kawai a tsakani. Ni kuwa kun san halina, fuskata ba ta gayyatar mutane, kuma ban iya zaman majalisa ba. Sauran makanikai suna girmama aikina, amma ba mai zuwa ya zauna kusa da ni don daɗi. Sande ne kaɗai bai ji tsoron fuskar nan ba. Rannan kawai ya tsallako titi da tsakar rana, ya wanke hannu, ya sa a kwanon da innarku ta aiko mini, ya ce ya gaji da kallon mutum yana cin abinci kamar ana yi masa horo. Daga ranar muka shekara goma sha ɗaya muna ci a kwano ɗaya ƙarƙashin darbejiyar gareji. In azumi ya zo shi ma ba na ganin ya kai komai baki da rana. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum Ɗan Maƙera, saboda ya san daga gidan ƙira na fito a Gozaki.

A wancan lokacin ƙananan bas-bas ɗin da ake kira kombi su ne ke jigilar mutane da kaya a ƙasarmu. Ku ba ku san su sosai ba. Injinsu a baya yake, ba su da lagireto, ba sa shan ruwa, iskar fanka ce kaɗai ke sanyaya su, don haka zafin da suke ɗauka ya fi na sauran motoci. Akwai wani Alhaji Garba, mutumin Dayi, dillalin tumatir da barkono, yana da guda ɗaya. Shi damuwarsa a duniya kada motar wani ta riga tasa shiga kasuwa. Ya kawo mini ita ya ce in ƙara mata ƙarfi, yana so ta ɗauki kwanduna har sama ta kuma wuce kowa a hanya. Na karɓa da murna, don irin aikin da ke fitar da sunan bakanike ke nan. Na sa mata manyan fistin da silinda, na sa aka rage kan injin don matsi ya ƙaru. To amma duk ƙarfin da ka ƙara wa inji, so yake ya ture kansa ya fita. Abin da ke riƙe kan da jikin injin wasu dogayen kusoshi ne guda goma sha shida, takwas a kowane gefe, mu makanikai muna ce musu sitod. Gindinsu yana murɗewa a cikin jikin injin, samansu kuma a ɗaure da noti.

Na aika wa Sande ya nemo mini masu kyau. Bayan kwana huɗu ya tsallako da su a kwali, sababbi fil, kowacce da ɗan gajeren bututun ƙarfe mai haƙora da ake fara murɗawa a jikin injin kafin kusar ta shiga. Da na ɗaga guda ɗaya sai na ga ta ma fi tsohuwar siranta.

Na ce, "Sande, kusoshi na aike ka ko tsinken tsire?"

Ya ce, "Ɗan Maƙera, zauna ka ji. Injin nan in ya ɗau zafi kumbura yake yi. Kansa alminiyam ne, ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa. Kusar da za ta riƙe shi sai wadda za ta ɗan miƙe tare da shi, in ya huce ta dawo. In ka sa mai kauri mai tauri, ita ba za ta miƙe ba. Jikin injin ne mai laushi, shi za ta yage ta fito da haƙoransa."

"Kai da ba ka taɓa riƙe guduma ba, kai za ka koya mini ƙarfe?"

"Ban taɓa riƙe guduma ba, amma na sha ganin injin da aka dawo da shi a buhu."

Muka yi dariya, na karɓi kwalin na ajiye. A raina kuwa na riga na yanke abin da zan yi. A gidanmu abu ɗaya aka koya mana game da ƙarfe: wanda ya fi tauri shi ya fi kyau. Da shi ake auna garma, da shi ake auna gatari da lauje. Ƙarfen da ke miƙewa a wurinmu ƙarfen banza ne. Maganar Sande ta shiga kunnena, amma ba ta sami wurin zama ba.

Akwai kuma wani dalili, wanda sai da na tsufa na yarda da shi. Kakanku, Baba, bai taɓa yafe mini barin maƙera ba. In an tambaye shi sana'ata sai ya ce, Lawal yana can Funtua yana kwance abin da wani ya ƙera yana mayarwa. Shekara da shekaru ina kai masa goro da shadda, bai taɓa tambayata yadda aiki yake ba. Sai na ga ga dama ta samu. Na samo sandunan ƙarfe masu kauri daga wata matacciyar tarakta, na kai wa mai injin fiƙar ƙarfe ya daidaita su ya fitar musu da haƙora, na ɗaure su a bayan babur na nufi Gozaki. Na tarar da Baba a rumfar ƙira da hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, na zube su a gabansa, na ce ina so ya ba su ruwa, wato ya gasa su ya tsoma don su yi tauri, yadda yake yi wa bakin gatari.

Ya ɗauki guda ɗaya ya ƙwanƙwasa a uwar maƙera, ya saurari ƙararta.

Ya ce, "Na mene ne?"

Na ce, "Na riƙe kan injin mota ne, Baba. Na kanti ba su da ƙarfi."

Ya dube ni ya ce, "Ashe ita ma motar sai ta zo maƙera. Kama zuga-zugin."

Rabona da riƙe masa zuga-zugi tun ina saurayi. Muka wuni muna aikin, yana sa su a gawayi ɗaya bayan ɗaya, yana jiran launin da shi kaɗai ya sani, ya cafko da awartaki ya tsoma a baƙin mai. Yana yi yana tambayata yadda fistin ke hawa da sauka, ina ba shi amsa. Ban taɓa jin daɗin wuni irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, a hanyar dawowa sai da na tsaya a gefen titi na share ido.

Da na dawo na faɗaɗa ramukan jikin injin don su karɓi masu kaurin, na bar 'yan bututun Sande a kwalinsu, na ɗaure notina har sai da jijiyar wuyana ta tashi. Ban gaya wa kowa ba, har shi Sande. Nufina sai motar ta yi wata shida tana tashi sama, sannan in fito da kwalinsa in yi masa tsiya. Mako uku kuwa ta yi tana abin mamaki. Alhaji Garba yana yabona a kowace tasha. Baba kuma, na ji labari, duk wanda ya zo gyaran fartanya sai ya gaya masa ƙarfensa ne ke riƙe da motar da ta fi kowace gudu a hanyar Malumfashi.

A mako na huɗu, tsakiyar bazara, rana tsaka, motar na ɗauke da tumatir har sama, ta fara fat-fat tsakanin Malumfashi da Bakori. Direba bai tsaya ba, ya ci gaba da taka ta har kan injin ya ɗaga, wuta ta ci gefensa. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo, amma tumatirin ya dahu a rana, motar kuma da igiya aka jawo ta gareji. Washegari da sassafe na buɗe injin ni kaɗai. Kusoshin Baba suna nan lafiya lau, ko ɗaya ba ta lanƙwasa ba. Biyar daga ciki da hannu na zaro su, haƙoransu cike da ɓarɓashin jikin injin da suka yago, kamar nama a tsakanin haƙori. Abin da Sande ya faɗa, shi ne ya faru, ba ragi ba ƙari.

An aiko cewa Alhaji Garba zai zo bayan azahar tare da shugaban ƙungiyarmu ta makanikai. Ke nan ina da safiya guda cur ta yin tunani. Ina so ku san wannan, don kada wani cikinku ya nema mini uzuri: ba a ruɗe na yi abin da na yi ba, a natse na yi shi. Na kwashe kusoshin Baba na zuba a buhu na ɗaure a bayan babur. Na buɗe kwalin Sande, na shafe nasa da baƙin mai da toka, na jera su a kan kwali kusa da injin. Sannan na yi alwala na tafi masallaci.

Da aka taru, Alhaji Garba yana huci, ya nuna su da ƙafa.

"Malam Lawal, waɗannan siraran abubuwan ka sa mini a mota? A ina aka samo su?"

Na ce, "Inda muka saba saye, Alhaji."

Aka kira Sande. Ya tsallako yana murmushi, bai san abin da ake ciki ba. Da aka yi masa bayani ya tsuguna, ya ɗauki kusa ɗaya, ya goge ta da hankicinsa, ya bi haƙoranta da farce. Ya leƙa ramukan jikin injin. Ramin da ya yage dama faɗi yake yi, don haka ba wanda ya damu ya auna, amma shi na ga idonsa ya tsaya a kansu. Ya ɗago ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, kallon mai jira ne kawai.

Ya ce, "Kayana ne, daga shagona suka fito. Sauran bayanin yana bakin Ɗan Maƙera."

Kowa ya juyo gare ni. Na dubi ƙasa na ce ba ni da abin da zan ƙara. A nan take shugaba ya yanke cewa kada wani ɗan ƙungiya ya sake sayen ko noti ɗaya a shagon Sande sai an ga hali. Kafin la'asar magana ta gama zagaya tasha.

Washegari ya tsallako, ba da tsakar rana ba, da safe, lokacin da ba kowa kusa. Ya tsaya a kaina ina wanke kabureta.

"Noti bai taɓa hawa kusoshin nan ba, Lawal. Ni na sani, kai ka sani."

Ranar ce farkon jin sunana a bakinsa. Na ce, ba tare da na ɗago ba, "To me ya hana ka faɗa jiya?"

Ya ce, "In ni na faɗa, Bayarabe ne ya ƙaryata ɗan gari don ya ceci shagonsa. In kai ka faɗa, gaskiya ce. Ban san abin da ya kai ka ba, amma na san ba halinka ba ne. Zan jira ka."

Ya juya ya koma shagonsa. Bai sake tsallako titin nan ba.

A gida na ba da labarin yadda gari ya ɗauke shi, kuma a bakina ku manyan kuka ji. Bayan kwana uku, da innarku ta ga kwano yana dawowa da saura, sai ta tare ni.

Ta ce, "Malam, buhun nan da ka tura ƙarƙashin rumbu, mene ne a ciki? Na zo shara na kasa ɗaga shi."

Na ce, "Ba abin da ya shafe ki."

Ta ce, "To. Ni dai abincin mutum biyu na saba zubawa, kuma ban ga dalilin ragewa ba."

Haka ta ci gaba da aiko mini da kwano cike, kullum, ina cin rabi ina mayar da rabi. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, amma ban taɓa jin ta sa baki in ana zagin Sande a gidan nan ba. Tashi take yi ta shiga ɗaki.

Da na je Gozaki gaisuwar Salla, na tarar Baba ya ji labarin motar ta lalace. Ya tambaye ni, ƙarfensa fa? Na ce ko lanƙwasa bai yi ba, Baba. Ya gyaɗa kai cikin jin daɗi. Kun ga, ko a nan ban yi ƙarya da baki ba, na iya wannan sosai. Na riƙa gaya wa kaina cewa saboda tsohon nan nake shiru, in na faɗi gaskiya za a ce ƙarfen maƙerin Gozaki ne ya kashe motar Alhaji, kuma wunin nan guda da muka samu ni da shi zai zama abin dariya. Na ce bari in jira, in Baba ya kwanta dama sai in wanke Sande. Baba ya ƙara shekara shida a duniya. Da ya rasu ma ban faɗa ba, a nan na gane ba sunansa nake karewa ba, nawa ne.

Sande bai iya jiran shekara shida ba. Damina guda ya jira. Kullum da safe ina ganinsa ya buɗe shago, ya kakkaɓe kanta, ya fito da benci ya zauna. Makanikai suna wuce shi su tafi har Zariya neman abin da ke rataye a bayansa. In idonmu ya haɗu sai ya ɗaga mini hannu, ni kuma sai in sami abin dubawa a ƙarƙashin mota. Sau biyu na kai tsakiyar titi da niyyar zuwa wurinsa, sau biyu ina juyowa. Da kaka ta yi, ana ta shigo da masara da dawa gari, wata safiya babbar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Aka loda kanta da katifu da tukwane. 'Ya'yansa suna kuka da Hausa, don ita suka iya. Za su koma wani gari a Kudu da shi kansa sai biki ko jana'iza ke kai shi. Ina kwance a ƙarƙashin wata mota riƙe da sifana, ba abin da nake kwancewa, ina kallon ƙafafunsu ta tsakanin tayoyi har motar ta tashi.

Bayan haka duk injin kombi da ya zo hannuna siraran kusoshi nake sa masa, da 'yan bututunsu, in ɗaure daidai kima. Ba wanda ya sake ɗaga kai. Sunana ya fita har Katsina, ana cewa ba wanda ya san sirrin injin nan kamar Malam Lawal, ni kuma ina karɓar yabon ina cin abincina ni kaɗai a ƙarƙashin darbejiya. Ban sake yin aboki ba. Ba wanda ya tsallako, ni ma ban nema ba. Da shekaru suka ja na fara tambayar direbobin da ke zuwa Kudu ko sun san inda yake. Wani ya ce ya gan shi yana sayar da taya, wani ya ce ba shi ba ne. Daga baya wani tsohon maƙwabcinsu ya gaya mini ya rasu tuntuni, bai ma san garin da aka binne shi ba.

Watan jiya na ɗauki sandata na hau ɗan acaɓa na je taron ƙungiya. Rabona da wurin tun da na ajiye aiki. Suka ba ni kujera a gaba, na ce a tsaye zan yi magana. Na faɗi duk abin da na rubuta muku a nan, ban rage komai ba. Ina yi ina duba fuskoki ko zan ga wanda ya halarci zaman ranar, ban ga ko ɗaya ba, duk sun riga ni tafiya. Shugabansu na yanzu, Malam Nura, mutumin kirki ne, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya gyara murya.

Ya ce, "Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma in tambaye ka. Wannan da muke cewa kayan Sande in an kawo mana jabu, dama mutum ne? Ni tun ina koyon aiki nake jin ana faɗa, na ɗauka sunan wani kamfani ne."

Na san maganar. A gabana aka fara ta, ban taɓa hanawa ba, amma ban san ta rayu har yau ba. Na ce masa mutum ne. Na ce dogo ne, mai wushirya, yana son tuwon dawa da miyar kuka, yaji ya yi yawa. Suka saurara cikin ladabi, wani ya riƙe mini hannu ya zaunar da ni, sannan aka shiga maganar gyaran rumfar da iska ta yaye.

Ba ni da sauran wurin da zan kai wannan magana sai ku. Mutum ne, 'ya'yana. Sunansa Sande, kuma kayansa masu kyau ne.